Ranar da Na Naɗa wa Gunki Rawani

Ba zan taɓa mantawa ba, mutanen Kebbe ma ba su bar ni na manta ba, da wata Juma'a ta damina a zauren mahaifina. Yau shekaru sun tura, gemuna ya yi fari fat, amma har gobe in na sauka a tasha sai wani tsoho ya ɗaga murya ya ce, "A'a, Tela! Yaushe a gari?" Ni kuwa tunda nake ban taɓa zura zare a allura ba.

Lokacin ba a daɗe da yanke jihar Sakkwato ba. Kuɗin mai na zuba, gwamnati na neman 'yan jiha masu takarda ido rufe. In ka gama sakandare da sakamako mai ɗan dama, kafin ka waiwaya an ba ka sikolashif an cusa ka a mota. Haka na tsinci kaina a wata jami'a can kudu ina karatun adabin Turanci, ni kaɗai daga duk yankinmu.

Mahaifina malamin zaure ne, kuma ba da son ran abokansa ya bar ni na tafi ba. Wanda ya fi kowa tsayawa a kan kada in je shi ne Malam Buba na Fakku, dattijon da Baba ya yi karatu a gabansa, wanda har lokacin in ya zo Baba kan sauka daga buzu ya ba shi. A gabana ya ce wa Baba, "Ka kai yaro inda ba a jin kiran salla, mi kaka jira shi dawo maka da shi?" Baba bai yi musu da shi ba, amma bai janye ba. Ran da zan tafi ya kira ni (ni ɗan fari ne, bai taɓa kama sunana ba, "kai" ne sunana a bakinsa) ya ce, "Kai, je ka. Amma ran da nig ga bokon ga ya taɓa maka tauhidi, ran nan karatun ya ƙare. Kuma duk littafin da kaz zo da shi gidan ga, sai na gan shi da idona." Baba ba ya karanta boko, amma duk hutu sai ya buɗe littattafaina shafi-shafi yana tambaya ina amsawa.

Shekarar farko lafiya lau. A ta biyu aka ce dole kowa ya ɗauki kwas a kan tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa, wai ba a gane adabin Turawa sai da su. Wata Baturiya ce ke koyarwa, doguwa, mai saurin magana. Ranar farko ta tambaya wa ya san labarin wane, sai na ga hannaye sun tashi ko'ina. 'Yan ajinmu yawanci makarantun mishan suka yi, sun san mutanen nan kamar 'yan unguwarsu. Ni kuwa ina zaune a kujerar ƙarshe ina ta istigfari a zuci, don na ji an ce wai akwai allan teku daban, na yaƙi daban, har da na giya. Da na yi ƙarfin hali na tambaya ko har yanzu akwai masu bauta musu, ajin ya kwashe da dariya. Daga ranar ban sake ɗaga hannu ba.

Kaɗaicin da na sha a garin nan, Allah kaɗai ya sani. Ba wanda ya tsane ni, kawai dai ba wanda ya san da zamana. A ɗakin cin abinci nakan ɗauki farantina in nemi lungu. In aka yi barkwanci da yarensu, sai in yi murmushi a makare don kada a ce ban gane ba. Na taɓa yin kwana huɗu ban furta kalmar Hausa ko ɗaya ba in ban da a mafarki. To a cikin wannan hali ne na shaƙu da littafin kwas ɗin. Ƙato ne, mai takarda mai santsi da sheƙi, cike da hotunan mutum-mutumin dutse. Tun ina karanta shi don dole har na koma karanta shi don hira. Na san wa ke gaba da wa, wa ya ci amanar wa, wa aka kora daga gida ya yi ta gararamba. (Wannan na ƙarshen shi na fi tausaya wa, kun san dalili.) Ban taɓa ɗaukar su komai ba face tatsuniya, amma dai su ne kaɗai nake wuni da su.

Duk da wannan shaƙuwa, na faɗi jarrabawar. Na san labaran sarai, Turancin zuba su ne ya gagare ni. Aka ce in na dawo daga dogon hutu zan sake zama, in na sake faɗi kuwa sai gida. Ke nan dole littafin ya bi ni Kebbe. Matsalar ɗaya ce: mutanen da ke cikinsa, maza da mata, babu mai ko ɗan kamfai. Tumɓur suke, a tsaye, ko kunya babu.

Da na iso Tambuwal na tarar ruwa ya ɓata hanyar Kebbe, ko Landiroba ba ta shiga. Sai na sauka gidan Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, na yi kwana uku ina jiran laka ta tsane. Gwaggo ta yi ta ɗura mini fura tana cewa na rame, amma ban iya gaya mata abin da ke cin raina ba. Na yi tunanin in bar littafin a wurinta, to da me zan yi karatu? Na yi tunanin in yage hotunan, sai na ga rubutun da nake bukata yana bayan kowane hoto. A rana ta biyu da hantsi ina zaune a zauren mijinta, idona ya faɗa kan kurtun tawada da alƙaluman kara. Nan Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni, ya ce ga shawara.

Ku sani ni gwanin zayyana ne, wato adon da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani. Baba da kansa ya koya mini, kuma hannuna ya faɗa. Na fara gwada biro, ta ƙi kama takardar. Tawada kuwa ta kwanta luf. Da farko niyyata in yi musu ɗan wando kawai in rufa musu asiri. Amma wando a jikin dutse sai ya fi tsiraicin ban dariya, sai na ƙara riga. Riga ba hula ba ta yi kyau ba. Kafin azahar na manta da tsoron da ya sa ni aikin, daɗinsa kawai nake ji.

Babbansu, mai gemu, wanda suke cewa shi ke jifa da aradu, na yi masa babbar riga baƙa da aska takwas a ƙirji, na naɗa masa rawani mai kunne biyu. Abin da ke hannunsa na mai da shi carbi. Ƙanensa na teku yana riƙe da mashi mai baki uku, na shafe bakin na bar masa sanda irin ta dattawa. Akwai wani da hannunsa ɗaya ya karye tun zamanin da, na sakar masa hannun riga ba mai ganewa. Idanunsu farare ne ba ƙwaya, na ɗiga wa kowa tasa. Matan kuwa ban tsaya wahala ba, na shafa ƙaro na manne shafukansu gaba ɗaya. Da na gama na ja baya na dube su, wallahi sai da na ji kamar in gaishe su.

Na isa Kebbe ranar Alhamis a bayan babur. Lissafina shi ne Baba zai duba littattafan shi kaɗai kamar kullum, ya ga dattawa cikin sutura, ya wuce. Ban san Malam Buba zai zo Juma'a daga Fakku ba. Bayan la'asar zaure ya cika, dattawa bakwai har da Baba, an yi yayyafi an ɗauke, gari ya yi gumi. Ina daga bakin ƙofa a tsugune sai na ji Baba ya ce, "Kai, ɗauko littattafan ga Malam shi sa musu albarka." Na dubi fuskarsa na gane nufinsa. So yake ya nuna wa malaminsa cewa yaron da aka ce zai lalace ya dawo da ilimi, bai lalace ba.

Na kwaso su na dire, na sa ƙaton a can ƙasa. Malam Buba ya ture na saman duka ya jawo shi, don a wurinsa girman littafi shi ne girman ilimin da ke ciki. Idonsa ya riga ya yi rauni, sai ya kai littafin dab da hancinsa. Ya buɗe, ya faɗa kan mai aska takwas.

"Wanga fa, wane na?"

"Shi ne babbansu, Malam," na ce. (Ban yi ƙarya ba. Ku lura, duk yammacin nan ban yi ƙarya ko ɗaya da baki ba, kuma wannan bai amfane ni da komai ba.)

"Masha Allah. Kun ga gemu? Kun ga goshi? Wanga ya sha karatu." Ya miƙa wa na kusa da shi, littafi ya zagaya, kowa na gyaɗa kai. Wani daga gefe ya ce, "Amma Musulmi na kuwa?" Malam Buba ya harare shi. "Ba ka ga carbi ba?"

Ya juya shafi. "Wanga mai sanda fa?"

"Ƙanensa ne. Wajen teku yake."

"Ashe gidan karatu na. Suna nan da rai?"

"Babu su yanzu, Malam. An daɗe."

"Allahu akbar. Sun riga mu gidan gaskiya." Ya ajiye littafin a buɗe a kan cinyarsa, ya juya wajen Baba, muryarsa ta yi laushi. "Malam, ashe na zalunci yaron ga. Na ɗauka wurin arna anka kai shi, ashe gaban manya yake." Na ga Baba ya sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi. Tunda nake da shi ban taɓa ganin ya ji daɗina kamar wannan lokacin ba, kuma wannan murmushin ne ya ɗaure mini harshe.

A zaure akwai ƙa'idar da kowane ɗalibi ya sani: ba a karatun littafi sai an yi wa mai shi addu'a. Na san da ita tun ina ƙarami, amma a Tambuwal ko sau ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba. Malam Buba ya gyara zama ya ce, "Duk wanda kaka shan iliminai yana da hakki bisa kanka. Ku ɗaga hannu mu roƙa musu rahama."

Nan ne ya kamata in yi magana. Kalma uku ta isa. Na buɗe baki, na dubi Baba, na ga shi ma ni yake kallo. Sai na ga hannayena sun tashi sama. Dattawa suka ɗaga nasu, Baba ya ɗaga nasa a ƙarshe. Malam Buba ya roƙa wa mai aradu da ƙanensa hasken kabari, ya roƙa musu sauƙin tambaya, ya roƙi Allah ya sada mu da albarkarsu. Ana cewa amin, gumi na bin bayana, leɓɓana na motsi. Ba zan rantse cewa amin ɗin ba ta fita ba.

Aka shafa. Na ce a raina shi ke nan, na tsira, sauran tsakanina da Ubangijina ne. Sai Malam Buba ya ɗan tofa addu'a a tafinsa, tafin da dama ya jiƙe da gumi, ya ɗora shi a ƙirjin Shehun nasa don neman tubarraki, ya goga a hankali daga wuya har gwiwa, ya ɗago ya shafe fuskarsa da gemunsa.

Tawadar allo, jama'a, don a wanke ta aka yi ta.

Na fara ganin fuskar Malam Buba, baƙi ƙirin daga goshi har gemu. Sannan na dubi littafin. Rawani na nan daram, carbi na nan a hannu. Daga wuya zuwa gwiwa kuwa babu aska takwas, babu riga, babu komai, sai abin da Girkawa suka sassaƙa da hannunsu, kuma ba su rage komai ba. Can wani tsoho ya leƙa ya ce da ƙaramar murya, "Subhanallahi. Shehu ba wando."

Ba wanda ya yi dariya. Da an yi ma da na fi samun sauƙi.

"Kai," in ji Baba. "Mine na wanga?"

"Gunki ne, Baba."

"Wa yay yi mai riga?"

"Ni ne."

Malam Buba ya dubi tafinsa ya daɗe. Ya nemi buta, aka kawo, ya fita ƙofar zaure ya yi ta wanke fuska, gemun dai ya ƙi komawa fari. Na zaci zai ce wa Baba ai na faɗa maka. Bai faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, mu yi istigfari," suka yi, ya hau bayan babur ya koma Fakku da gemu ruwan toka. Kafin magariba labari ya gama Kebbe. Washegari bayan azahar Baba ya miƙe a masallaci, mutumin da ba a taɓa jin ya ba da hanzari a kan komai ba, ya yi wa jama'a bayanin yadda aka yi aka roƙa wa gumaka rahama a zaurensa. Ina sahun baya, kaina a ƙasa.

Kwana tara Baba bai ce mini uffan ba. In na gaishe shi sai ya amsa da kai. Littafin na wurinsa. Innata takan turo mini tuwo, in na juya baya kuma in ji matan gida na ƙunshe dariya. A hanya aka fara ce mini Telan Gumaka, daga baya aka taƙaita. Sai na koma fita gona tun da sassafe ina cirar ciyawar da ba wanda ya sa ni, don gero ba ya tambaya. A kudu ina kaɗaici ina cewa in na koma gida zan huta. Ga ni a gida, a cikin masu jin yarena, kuma babu wanda zan zauna kusa da shi. Na riga na sallama karatu, har na fara tunanin wa zan roƙa ya koya mini awon hatsi a kasuwa.

A rana ta goma da hantsi ya aiko a kira ni. Na same shi shi kaɗai yana dama tawada, littafin na gefensa a kife.

"Tun shafin farko nig gane hannunka," ya ce, bai ɗago ba. "Ni na koya maka aska takwas ɗin ga. Na ɗauka malamanka na Turawa kay yi ma sutura don kunyarmu, har na ji daɗi."

Ya ɗan ƙara ruwa a kurtun, ya ci gaba.

"Tsiraicin dutse bai dame ni ba. Dutse na, ba ya jin sanyi. Ka san mi ad damuwata?" Sai a lokacin ya dube ni. "Da Malam yac ce a ɗaga hannu, ban ɗaga ba. Kai nika kallo. Sai da nig ga ka ɗaga, sannan niɗ ɗaga."

Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na fashe da kuka, ƙato da ni, ɗan jami'a mai agogo. Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya tambaye ni ko na yarda da abin da ke cikin littafin. Na rantse masa tatsuniya ce, su kansu masu koyar da ita ba su yarda da ita ba. Ya ce to me ya sa gefen shafukan ya yi baƙi haka don yawan buɗawa?

"Can ɗin, wa kaka hira da shi?"

"Ba kowa, Baba."

"Shekara biyu?"

"Ba kowa."

Ya dubi littafin da ke kife. "Sai waɗanga."

Ya ci gaba da dama tawadarsa har na ɗauka ya manta da ni. Daga nan ya tura mini littafin da bayan hannu, ya ce in koma in ci jarrabawata. Amma da sharaɗi: duk wata in rubuto masa wasiƙa da ajami in gaya masa abin da aka karantar da ni, duka, yadda yake, "ba riga, ba rawani."

Na koma, na zauna jarrabawar, na ci da ƙyar. Wasiƙa kuwa ban taɓa fashi ba. Ta farko da ƙyar na rubuta ta, don labarin mai aradu ne da irin ta'asar da ya yi ta yi a gidajen mutane a bayan idon matarsa. Bayan sati uku amsa ta zo ta hannun wani direba, layi biyu kacal. Na farko addu'a ce. Na biyu ya ce, "Wanga babban nasu bai samu tarbiyya ba. Sai mi ya faru da matar?" Na zauna a bakin gado a ɗakin kwanan ɗalibai ina dariya ni kaɗai har abokin ɗakina ya tambaya ko lafiya. Ranar ce na fara ba wani labarin Kebbe a garin nan. Har na gama jami'a, mutumin da ya fi kowa bin kwas ɗin nan da ni malamin zaure ne da bai san harafin boko ko ɗaya ba.

Malam Buba ya yafe mini kafin ya rasu, amma bai sake taɓa littafina ba. Ko jarida ya gani a hannuna sai ya mai da hannayensa cikin riga ya ce, "Tela, wanga da wandonai?"

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma da tsada na saye shi. In za ka rufa wa gunki asiri, kada ka yi da tawadar allo. Kuma kafin ka ɗaga hannu a kan abin da ka san ƙarya ne, ka ɗan waiwaya tukuna, don wataƙila akwai wanda kai yake kallo kafin ya ɗaga nasa.